Na Ƙoshi, Ku Ci Kawai

Da gwiwar hannu na ƙwanƙwasa ƙofar, don hannuwana biyu suna riƙe da tiren kaji, zafinsa ya ratsa tsumma yana cin yatsuna.

"Baba Makulli! An haɗa tebur, kai kaɗai ake jira."

Sai na ji tarin nan nasa da ya ƙi tafiya tun watan jiya, sannan muryarsa, kusa da ƙofa fiye da yadda na zata.

"'Yar Gaggawa ce?"

"Ni ce, Baba. Ka fito mana, abinci zai huce."

"Ayya. Na ƙoshi, ku ci kawai. Yau jikin sai a hankali."

"To, Allah ya sawwaƙe. Zan hawo maka da naka."

Na juya na bi matakala ina hura yatsu. Ko minti ɗaya ban yi a ƙofar nan ba. Ni da bakina na ce "to", kuma wannan "to" ɗin ne har yau yake damuna.

Benenmu hawa biyar ne, a ƙasar da ba tamu ba, kuma kusan duk wanda ke cikinsa baƙo ne, kowa da inda ya baro. Baba ya riga kowa zuwa. Shekara talatin da wani abu yana kula da ginin: shi ne gyaran famfo, shi ne sauya ƙwan fitila, shi ne faɗa da masu jefa shara a inda ba nan ba. Makullin kowane ɗaki yana rataye a ƙugunsa, tun yana hawa na ɗaya za ka ji kacau-kacau ɗinsa daga na uku. Ko da ya yi ritaya aka karɓe makullan, sunan bai bar shi ba. Matarsa ta rasu tun kafin in zo, ba su haihu ba.

Ranar da na sauka, shekara tara ke nan, Baban yara yana wurin aiki, an hana shi fita. Na zauna a kan akwatina a bakin ƙofar bene, ruwa yana dukana, ina riƙe da takardar adireshi da ta jiƙe sharkaf. Baba ne ya tsince ni. Ya kai ni ɗakinsa, ya dafa shayi, ya yanka burodi ya soya ƙwai. Kwana biyu rabona da abincin kirki, cikina har kuka yake, amma da ya turo farantin sai na sunkuyar da kai na ce na ƙoshi.

"Ci mana."

"Wallahi na ƙoshi, Baba."

"Haba, ko don ni. Kada ki sa in zubar."

Sai a na ukun na sa hannu. Ya bar ni na share farantin tas, sannan ya ja kujera ya zauna.

"Ki saurare ni da kyau, 'yata. Ni na tambaye ki sau uku don ni ɗan gida ne. Mutanen nan sau ɗaya suke tambaya. Kika ce kin ƙoshi, sun ɗauke faranti. Ba rowa ba ce, gaskata ki suka yi."

Ta kunne ɗaya maganar ta shiga, ta fita ta ɗayan. Makon farko da na kama aiki a ɗakin guga na wani otal, shugabarmu ta miƙo mini rabin abincinta, na ce na ƙoshi ina jiran ta sake. Baiwar Allah ta ce to, ta cinye a gabana har da lashe cokali. Na wuni ina goge zannuwan gado ina ganin jiri. Da na ba Baba labari, sai da ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Daga ranar na ɗauki darasi. Na koyi cewa e idan ina so, na koyi tambaya sau ɗaya in wuce, na koyi tafiya da sauri kamar ana bi na, har ya raɗa mini 'Yar Gaggawa. Ashe na ɗauki darasin fiye da yadda malamin yake nufi.

A shekarata ta biyu mahaifiyata ta rasu a gida. Takarduna ba su fito ba, idan na tafi ba dawowa. Na rufe ƙofa na kwanta a ƙasa. Baba bai ce mini ki yi haƙuri ba. Kujeru ya ɗebo ya jera a barandar hawanmu, ya zauna a bakin ƙofata kwana uku yana karɓar gaisuwa, duk wanda ya zo sai Baba ya ce masa, "Ni ne uban." Mutanen da ba su san sunan garinmu ba suka zo suka zauna. Ban taɓa ce masa na gode ba. Yaya za a yi in dubi tsabar idon dattijo in faɗi irin wannan magana? Nauyinta ya fi ƙarfin bakina, sai dai in aika masa da miya.

Shi kuma cin abincin, Baba ne ya ƙirƙiro shi. Akwai rana ɗaya a shekara da garin yake rufewa ruf, babu kanti, babu bas, 'yan ƙasa duk sun tafi wurin danginsu. Ranar benenmu yakan yi tsit, kowa ya kulle kansa yana kallon waya yana haɗiye kewa. Wata shekara Baba ya gaji da wannan shirun, ya sauka ɗakin wanki da ke ƙasa, ya ɗebo tsofaffin ƙyamaren ƙofa daga ma'aji ya ɗora su a kan injinan wanki, ya bi ɗaki-ɗaki yana cewa kowa ya sauko da tukunyarsa. Tun daga nan ba a taɓa fashi ba. Ka ga shinkafa kala biyar, ka ga miyar da ba ka san sunanta ba, ka ci ka yi shiru.

Amma kafin a sa hannu akwai ludayi. Wani tsohon ludayin katako ne na matarsa, bakinsa ya cinye gefe ɗaya. Ana miƙa shi hannu zuwa hannu, wanda ya riƙe sai ya faɗi wanda yake gode wa a shekarar. Dokar Baba ɗaya ce.

"Allah kullum muna gode masa, kuma ba za mu daina ba. Yau mutum za ka kira. Kuma yana zaune, yana jin ka."

Shekara takwas ina zillewa. Ludayi ya zo hannuna, sai in mayar da abin wasa. Na gode wa tukunyar lantarki, na gode wa Baban yara da ya rage minshari, na gode wa maƙwabcinmu Mai Tasi da bai kashe mu a hanya ba. A yi dariya, ludayi ya wuce. Baba ya girgiza kai ya ce, "Ke dai ba kya jin magana."

Bana na shirya. Anti Nas ta hawa na huɗu, wadda take duba shi, ta tare ni a matakala wata biyu da suka wuce ta ce, "Zuciyar tsohon nan ta gaji. In kina da abin yi, ki yi." Sai na riƙa haddace maganar a wurin aiki, ina danna injin guga ina maimaitawa cikin tururi, har abokiyar aikina ta tambaya ko waƙa nake koyo. Jimla huɗu ce kacal. Na yi rantsuwa ko muryata za ta karye sai na faɗe su.

Saura kwana biyu a yi cin abincin, Baba ya kira ni ya ba ni ludayin a cikin leda.

"Bana ke za ki tsaya a kan komai. Ƙafafun nan sun ƙi ni."

Kai, ranar na ji kaina ya yi girma! Na ce wallahi sai an yi abin da ba a taɓa yi ba. Na sayi ledar tebur mai furanni, na gasa kaji shida, na hana Baban yara zama tun asuba. Ina so Baba ya shigo ya ga komai tsaf, ya san bai ba da ludayi ga sakarya ba. Hankalina duk yana kan tebur, mai teburin kuwa na bar shi a bayan ƙofa.

Da na sauko da tiren, ɗakin wanki ya cika maƙil, ƙamshin miya ya danne na sabulu. Kujerar Baba tana can ƙarshen tebur, kusa da bututun ruwan zafi inda yake son jingina bayansa.

"Ina Baba?" in ji Mai Tasi.

"Ya ce ya ƙoshi, jikin ba daɗi."

Baban yara ya ɗago daga buɗe lemo. "Kin dai matsa masa?"

"Matsa me? Mutum ya ce ba shi da lafiya. Shi da ya koya mana a gaskata mutum? Ka bar shi ya huta, don Allah ka matsar da kwalaben nan."

"Da ni da Mai Tasi sai mu ɗauko shi a kujera, hawa uku ne kawai."

"Ku karya shi a matakala? Zauna, abinci yana hucewa."

Ya zauna. Baban yara ba mai ja da ni ba ne, kuma ranar na so a ce ya ja.

Akwai wata tsohuwa a hawa na biyu, muna ce mata Kaka Mai Kyanwa, ba ma jin yarenta, ba ta jin namu, shekara da shekaru da hannu ake hira. Ta kama mini gefen zane, ta nuna kujerar, ta nuna sama, ta ɗaga yatsu biyu ta ƙwanƙwasa tebur. Na ɗauka tambaya take ko yana nan, na dafa ƙirji na yi mata alamar tari. Ta sake ni, ta daɗe tana kallona.

Ludayi ya fara zagaye. Mai Tasi ya gode wa maƙwabcinsa Tela da ya zauna da shi a asibiti ranar da aka yi wa matarsa aiki, Tela ya sunkuyar da kai yana cewa a bari, a bari. Wata ɗaliba ta gode wa Kaka Mai Kyanwa da take ajiye mata miya a bakin ƙofa. Kaka ta karɓi ludayin ta yi dogon jawabi da yarenta tana kallon kujerar da babu kowa, hawaye yana bin kumatunta, muka ce amin ba tare da mun san me ta ce ba. Sai ya iso hannuna.

Jimlolina huɗu suna nan a kan harshe. Na dubi kujerar. Doka ta ce yana zaune, yana jin ka. Na ce a raina ba komai, in na hau kai masa abinci na faɗa masa mu biyu, ya ma fi sauƙi.

"Ni dai na gode wa lif ɗin benen nan da ta lalace," na ce, "ta sa ina ta hawan matakala na rage tumbi ba tare da na biya kowa ba."

Aka tuntsire da dariya. Na yi dariyar ni ma, har da tafi.

Sai wajen la'asar na samu kaina. Na zuba masa shinkafa da cinyar kaza da dankali, na rufe da wani farantin, na hau. Ya ce in shigo, a buɗe take. Ina tura ƙofar gwiwata ta bugi hannun kujerarsa, na ce wash, na zagaye ta. Yana zaune cikin rigarsa ta fita, ruwan toka, an goge ta har karin guga yana nan a hannu. Ga hula, ga agogo, ga baƙin takalmi a ƙafa, ɗakin yana ƙamshin turare.

"A'a, Baba! Ina zuwa haka? Ko zance za ka?"

Ya yi murmushi. "Ina fa. Gwadawa na yi in ga ko har yanzu suna shiga ta."

Wani abu ya ɗan taɓa ni a ƙirji, na ture shi. Na ajiye farantin a kan ƙaramin tebur, na ɗauko masa cokali da ruwa.

"An cika?" ya tambaya.

"Maƙil. Har sababbin nan na hawa na biyar sun sauko."

"Madalla. Ƙyauren nan mai tsaga, kin sa masa kwali a ƙasa? Yana rawa."

"Na sa."

"Ludayi ya zaga?"

"Ya zaga kowa."

"Ke fa? Bana wa ya ci sa'a?"

Ga ƙofa ya buɗe mini da hannunsa. Yana kallona, idanun nan sun yi ruwa-ruwa irin na tsofaffi, ya ɗan karkato da kunnensa mai ji. Na buɗe baki. Sai na ji Baban yara yana ƙwala mini kira daga ƙasa wai ina murfin babbar tukunya, kunya kuma ta taso ta rufe ni tun daga ƙafa.

"Lif na gode wa, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na miƙa masa ruwa. Da ya lafa ya ce, "Ke dai ba kya jin magana."

"Baɗi zan yi ta gaske, wallahi."

"To, Allah ya kai mu. Je ki, ana kiranki."

Na tafi neman murfin tukunya.

Kwana huɗu bayan nan Anti Nas ta same shi a ƙasa tsakanin gado da banɗaki. Na je asibiti a lokacin hutun cin abincina, da rigar aiki a jikina. An rufe masa hanci da baki da robar iska, idanunsa a rufe, hannunsa ya yi sanyi kamar ƙarfen matakala. Na ja kujera na zauna, na faɗi jimlolin nan huɗu daga farko har ƙarshe, ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Na ce masa shi ne uban, kamar yadda ya faɗa. Injin da ke gefensa ya ci gaba da ƙararsa, ɗit, ɗit. Na tambayi likita ko yana ji, ya ce ba za a iya sani ba. Washegari da hantsi ya cika.

Duk benen ya raka shi. Baban yara ne ya jera kujeru a baranda wannan karon, ni kuwa aka riƙa yi mini gaisuwa ana cewa ke ce 'yar. Kowane "sannu" sai in ji kamar an mare ni.

Bayan mako ɗaya kamfanin ginin ya ce a kwashe kaya, za a sa wani. Ni da Anti Nas muka shiga da kwalaye. Tana naɗe riguna ina share kicin. A gefen wurin wanke-wanke na ga farantaina biyu, an wanke su an kife. Na buɗe kwandon shara, ba ko ƙwayar shinkafa, sai ƙashin kaza da aka tauna har ɓargo. Mutumin da ya ƙoshi ke nan.

"Kin ga takalman nan?" in ji Anti Nas daga ɗaki. Ta fito da su a hannu. An tsaga kowanne ta gefe da reza, tsaga mai tsawo. "Ni na yanka su. Ranar cin abincinku, kafin in tafi aiki, ya kira ni wai in taimaka masa ya shirya. Ƙafar ta kumbura suntum, takalmi ya ƙi shiga. Na ce Baba ka sa silifa mana, wa zai kalli ƙafarka? Ya ce shi ba zai je gaban jama'a da silifa ba, 'yarsa ce take tsaye a kan taro bana. Minti arba'in muka yi muna fama." Ta yi 'yar dariya tana goge ido. "Har da ce mini, in sun zo zan ɗan ja aji tukuna, kada su ce tsoho ya ƙosa. Sai 'yar tawa ta yi ta roƙo sannan in tashi. Ya dai ji daɗin taron ko? Ban samu na tambaye shi ba."

Na riƙe bakin wurin wanke-wanken da hannu biyu.

"Bai sauka ba, Anti."

"Kamar yaya bai sauka ba?"

"Sau ɗaya na kira shi."

Ba ta ce laifina ne ba, ba ta ce ba laifina ba ne. Ta ajiye takalman a hankali a gefen bango, ta ce bari ta je ta ƙaro kwali, ta fita ta ja ƙofar.

Na yi kuka a kicin ɗin nan irin wanda ban yi ba ko a asibiti. Na yi kukan haushin kaina. Hawa uku ne. Da na ajiye tiren nan a ƙasa na ce haba Baba, ko don ni, da ya tashi. Shi ya koya mini yadda ake tambaya a nan, amma ranar da na zo da yunwata ba haka ya tambaye ni ba, kuma na sani.

Da na fito falo ne na lura da kujerar. Shekara tara na san ta a gaban taga, inda yake zama yana kallon masu jiran bas yana yi musu sharhi. Sawun ƙafafunta huɗu yana can a kan kafet, ya lotsa. Daga can wani dogon layi ya taho, inda aka ja ta da ƙyar, har zuwa bakin ƙofa, daidai inda gwiwata ta buge ta.

Na kama hannunta zan mayar da ita wurinta, sai na fasa. Na ciro ludayin daga jakata na ɗora a kan matashin. Hasken taga ya faɗo a bayan kujerar, ita kuwa tana nan yadda ya bar ta, tana kallon ƙofa.